Hostal ko Haya a Gari? Amsar da Nake Ba Masu Zuwa Karatu Ingila

Da zarar watan Yuli ya kama, saƙon ƙanne da 'ya'yan abokai yake cika mini waya: "Yaya, makaranta ta ce in zaɓi masauki. In karɓi hostal ɗinsu ko in nemi haya a gari?" Amsata ɗaya ce kullum. Shekarar farko ka karɓi hostal, amma kada ka danna ɗakin da ya fi araha ka wuce. Na yi shekara guda a ciki a Manchester kafin na koma haya, don haka abin da zan faɗa gani ne, ba ji ba.

Ka fara cire hoton hostal ɗin gida daga ranka. Wanda ya kwana a hostal ɗin Suleiman ko Ɗanfodiyo na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru ya saba da ɗakin mutane da yawa, ana hira har dare ya raba, tukunya ɗaya ta ci da kowa. A nan ɗaki naka ne kai kaɗai: gado, tebur, kujera, wardirob, hita a jikin bango. Ɗakuna biyar zuwa takwas, wani lokaci fiye, sukan haɗu a sashe ɗaya mai kicin guda. Kowa ya shiga ya ja ƙofarsa. Za ka iya kwana uku ba ka ga maƙwabcinka ba, sai dai ka ji motsinsa.

Babban abin da hostal yake saya maka shi ne kwanciyar hankali a makonnin farko, lokacin da baƙo yake makaho ko da idonsa biyu. Kuɗin wuta, ruwa, ɗumama ɗaki da intanet duk suna cikin kuɗin ɗakin. Ba za ka san darajar wannan ba sai hunturu ya shigo. A Disamba rana takan faɗi a Manchester kafin ƙarfe 4 na yamma, kuma mai haya a gari yana kunna hita ne yana lissafin bil ɗin gas, kai kuwa ka murɗa ka yi barcinka. Harajin ƙaramar hukuma da ake ɗora wa gidaje ba ya hawa kan hostal ko kaɗan. Ɗalibi mai cikakken karatu ma ba ya biya a gidan haya, amma sai ya karɓo takardar shaida ya kai, kuma idan akwai wanda ba ɗalibi ba a gidan, bil zai zo. Ga adireshi tabbatacce tun ranar da ka sauka, wanda da shi za ka buɗe asusun banki, ka yi rajista da likitan unguwa.

Sai batun mai tsaya maka. Masu gidajen haya da dama suna neman wani mazaunin Birtaniya ya sa hannu cewa zai biya idan ka gaza. Kai da ka sauka jiya, wa ka sani? Hostal ɗin da jami'a ke gudanarwa da kanta galibi ba ya neman wannan, amma na kamfanoni masu zaman kansu sukan nema, ko su ce ka biya gaba ɗaya. Doka a Ingila tun 2019 ta hana a karɓi kuɗin ajiya fiye da na mako 5 a irin hayar da ɗalibi zai kama, sai dai sanin doka daban, iya rigima da mai gida a makonka na farko daban. Ban da 'yan damfara da ke sa hoton gida a Facebook su karɓi kuɗi tun kana Kano. Kada ka tura wa kowa ko kwabo kan ɗakin da ba ka gani ba, sai ta shafin makarantar.

To, yanzu mu zo inda gizo ke saƙa, wato kicin da banɗaki.

Yawancin sassan a haɗe suke, maza da mata. Ɗaki daban, kicin ɗaya. 'Yar'uwa mai hijabi, wannan yana nufin ko ruwan shayi za ki dafa da asuba sai kin shirya kamar mai fita unguwa. Jami'o'i da yawa suna da sashen mata zalla ko maza zalla, wasu har da sashen da ba a shan giya, amma ba za a ba ka ba sai ka nema a fom, kuma da wuri suke ƙarewa. Ni ban nema ba, don ban ma san akwai ba. Ranar farko na buɗe firji na tarar da naman alade a kantar sama, kwalaben giya a jikin ƙofa, aka bar mini kanta ɗaya a tsakiya. Ba mugunta ba ce, abincinsu ne. Abin da na yi, na sayi robobi masu murfi, na ware tukunyata da soson wanke-wankena na riƙa ajiye su a ɗaki. Da na yi musu bayani sau ɗaya cikin raha, wata 'yar Sin da ke sashen ita ce ma take tuna wa sauran kada su taɓa mini cokali.

Su ma fa sun yi haƙuri da ni. Ranar da na fara kaɗa miyar kuka da daddawa, wani Bature ya leƙo yana toshe hanci, yana tambaya ko wani abu ne ya lalace a kwandon shara. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Bayan wata biyu shi ne mai tambayar yaushe zan sake yin dafa-duka.

Banɗaki kuwa, idan aljihu zai ɗauka, ka ƙara kuɗi ka karɓi ɗaki mai nasa a ciki. Bayinsu babu famfon tsarki, babu magudana a ƙasa, ruwan da ya zuba nan zai kwanta. Mai alwala sau biyar a banɗakin mutum shida, yana shiga da buta yana fitowa, ƙasa a jiƙe, ba zai daɗe ba za a manna masa takarda a ƙofa. Ka sa buta a jakarka tun daga gida, ta roba ce, ba ta da nauyi. Kilishi da dambun nama dai ka bar su, an hana shigo da nama daga ƙasashenmu, a filin jirgi za a karɓe. Soket ɗinsu mai baki uku ne irin na Najeriya. 'Yan'uwa daga Nijar ne za su nemi adafta.

Akwai abin da ba na mantawa. Wani daren Juma'a kewar gida ta kama ni, na ɗauko turaren wutar da Hajiya ta ƙulla mini na kunna kaɗan. Ko minti biyu ba a yi ba ƙararrawar gobara ta ɗauka. Ginin gaba ɗaya ya fito waje, wasu da bargo, wasu da silifa, ana yayyafi, ni kuma ina tsaye a cikinsu jallabiyata tana ƙamshin laifina. Washegari aka kira ni ofis aka ja mini kunne. Turaren wuta, kyandir da girki a ɗaki duk an hana, kuma wanda ya rufe na'urar hayaƙin da safa ya ɗauko wa kansa magana babba. Ka koma turaren fesawa.

Hayaniya ma akwai ta, musamman makon farko na sababbin ɗalibai a Satumba, da daren Juma'a da Asabar. Mai digiri na biyu ya nemi ginin manyan ɗalibai, ya fi shiru nesa ba kusa ba. Kaɗaici kuma ya fi hayaniyar ciwo. Ka nemi masallacin makaranta da ƙungiyar ɗalibai Musulmi tun makon farko. A Manchester, titin Wilmslow da ke Rusholme cike yake da mahauta masu naman halal da shagunan kayan miya, can za ka fara cin karo da masu jin yarenka.

Kafin ka sa hannu, ka yi lissafi. Kuɗin ɗaki a mako ake rubuta shi, ba a wata ba. Yarjejeniyar masu digirin farko takan kai mako 40 zuwa 42, ta masu digiri na biyu mako 51. Ɗakin da aka ce fam 150, idan ka ninka da 51, fam 7,650 ke nan. Wanki ma biya ake yi daban, kowane zubi. Kuma da ka sa hannu ka ɗauru: ko ka sami gida mai sauƙi a Nuwamba, yawanci ba za a sake ka ba sai an sami wanda zai gaji ɗakin. Aikin da biza ta yarda ka yi sa'a 20 ne a mako lokacin karatu, kada ka ɗora kuɗin ɗaki a kansa. Mai iyali kuma hostal ba nasa ba ne, ɗakunan iyali kaɗan ne ƙwarai. Ga shi tun Janairun 2024 an hana yawancin masu digiri na biyu zuwa da mata da yara, sai masu digirin bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu.

Ni da shekara ta zagayo, mu huɗu da muka saba a sahun Juma'a muka kama gida tare. Ya fi araha, firjin namu ne, buta tana zaune a bayi ba mai tambaya. Amma waɗannan ukun sai da na yi wata tara ina ganin yadda kowannensu yake riƙe kuɗi da alƙawari kafin na yarda sunana ya hau takarda ɗaya da nasu, domin a irin wannan haya idan ɗaya ya ƙi biya, sauran ake bi.