Kakin mijinki ba biza ba ne: ga amaren sojojinmu a Amurka

Ƙannena da kuka biyo mazajenku sojoji zuwa Amurka, da waɗanda ke gida suna jiran kira daga ofishin jakadanci, sannunku. Ku ba ni aron kunnuwanku a kan maganar takardu, don duk shekara sai an kira ni a waya ana kuka a kan abin da tun farko tambaya ɗaya za ta hana.

Mazan nan namu dai abin alfahari ne. Akwai 'yan Nima da zangon Kumasi da suka ci cacar biza, akwai 'yan Maraɗi da Damagaram, akwai 'yan Kano da Jos da Zariya. Wasu ma ta shirin MAVNI suka shiga, lokacin da rundunar ke neman masu jin wasu harsuna, Hausa na ciki, kafin a dakatar da shi a 2016. Doka ta yi musu gata: tun daga 11 ga Satumba 2001 ana lissafa aikin soja a matsayin na lokacin yaƙi, don haka soja ba ya jiran shekara biyar kafin ya nemi zama ɗan ƙasa, kuma ba ya biyan kuɗin fom. To amma wannan gatan nasa ne. Ke fayil ɗinki daban, kuma hukumar shige da fice, USCIS, ba a ƙarƙashin kwamandan mijinki take ba.

Abubuwan bariki ba sa cin rai. Zai kai ki a sa sunanki a DEERS, rajistar sojoji da iyalansu, a ba ki katin iyalin soja, ki shiga inshorar lafiya ta TRICARE, ki nemi lasin tuƙi. Katin iyalin sojan nan zai buɗe miki ƙofar bariki da kantin ciki da asibiti. Ba izinin zama ba ne, ba izinin aiki ba ne, kuma ba ya shigo da kowa ƙasa.

Inda ake shan wuya shi ne ɗaurin aure. A wurinmu maza sun taru a ƙofar gida ko a masallaci, wakilin ango ya nema, waliyyin amarya ya bayar, an faɗi sadaki, an shafa fatiha, an raba goro, aure ya ɗauru. Amarya na cikin gida, ango kuwa yana can barikin Fort Hood yana kallo ta waya saboda bai sami hutu ba. A addini ba wata matsala. A dokar shige da ficen Amurka kuwa, auren da aka ɗaura ango da amarya ba sa wuri ɗaya bai mai da ke matarsa ba sai in kun haɗu kun tare bayan ɗaurin. A lura, bayan ɗaurin. Zuwan da ya yi gaisuwar iyaye bara ba ya cikin lissafi. Sai Malam ya yi sauri ya tura fom I-130 na neman ɗauko matarsa da hotunan taro, a yi wata da watanni ana jira, ƙarshe a tambaye shi hujjar ranar da suka haɗu bayan aure, babu. Kuɗi ya tafi, a koma layi daga farko. Idan haka aka ɗaura naku, ya fara neman hutu da izinin tafiya daga shugabanninsa, ya zo, ku ajiye tikitin jirgi da hatimin fasfo da hotuna masu kwanan wata, sannan ya tura.

Wasu kuma ta ɗaya gefen suke faɗawa. An ɗaura aure, an yi kamu, an yi walima, ango ya zo an tare, sai wani mai kafe a kasuwa ya ce musu bizar masu baiko, K-1, ta fi sauri, a ce ba a ɗaura ba. Wannan biza ta wanda bai yi aure ba ce, wadda za a zo a ɗaura cikin kwana 90 da shigowa. Auren gargajiya ko na Musulunci da ƙasarku ta yarda da shi, aure ne a wurinsu. Ga hotunan lalle a Facebook, ga ƙawaye ɗari suna rubuta Allah ya ba da zaman lafiya, ke kuma kina gaban jami'i a Legas kina rantsuwa baiko ne kawai. Ƙarya don samun biza na iya rufe wa mutum ƙofa har ƙarshen ransa, ko da auren na gaskiya ne.

Sai takardar auren kanta. Ku karɓe ta tun taron bai watse ba, da sa hannun shaidu, kada a jira shekara biyu a je a rubuto wata. Bazawara ta nemi takardar sakinta ta baya a kotu, don "ai ya sake ni da baki, kowa ya sani" ba hujja ba ce a wurinsu. Shi ma mijin in ya taɓa aure haka. Sunanki ya zama iri ɗaya a ko'ina: kada fasfo ya ce Aishatu, takardar haihuwa ta ce Aisha, ta makaranta kuma ta ɗauki sunan garinku a madadin na mahaifinki. 'Yan Nijar da Kamaru, rubutun Faransanci da ke fasfonku shi za ku bi, Mahamadou ya zauna a Mahamadounsa, kuma duk takardar Faransanci ko Larabci sai an haɗa ta da fassara mai sa hannun wanda ya fassara.

Maganar kishiya, bari in faɗa ba kwana-kwana, ko da za a ji haushina. Amurka mace ɗaya ta sani. Wanda zai shigo don zaman mace fiye da ɗaya doka ta hana shi biza, fom ɗin zama ɗan ƙasa yana tambaya a kai, kuma dokar soja na hukunta wanda ya ƙara aure a kan aure. Idan kin san akwai uwargida a gida da igiyarta, kada wani ya ce miki za a san yadda za a yi.

Lamunin ciyarwa, fom I-864, bai cika ba iyalan soja wahala ba. Sauran jama'a sai samunsu ya kai kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talauci na gwamnati, soja mai bakin aiki da ke ɗauko matarsa ko ɗansa kashi 100 ya ishe shi.

To kin shigo, girin kad, wato katin izinin zama, ya zo a akwatin wasiƙa, an yi murna. Duba ranar ƙarewarsa. In aurenku bai kai shekara biyu ba a ranar da kika sami izinin zama, katin na shekara biyu ne, mai sharaɗi. Cikin kwana 90 na ƙarshe za ku cike fom I-751 na cire sharaɗin ku biyu, kowa ya sa hannu. A nan rayuwar soja ke cutar mutane. A shekara biyun nan an iya ɗauke ku daga barikin Fort Bragg zuwa wata jihar, ko a tura shi wata ƙasa ke kina gida da goyo. Kun sanar da soja sabon adireshi, kun sanar da gidan waya, kun ɗauka kowa ya ji. USCIS ba ta ji ba. Doka ta ba ki kwana 10 bayan kowace ƙaura ki sanar da ita da kanki ta fom AR-11, ana yi ta intanet cikin minti kaɗan. Wasiƙar kiran hira ta je tsohon gida, ba ki zo ba, an rufe fayil. Kafin a tura shi ko'ina, ku zauna da kalanda, ya bar miki takardar wakilci da kwafin umarnin tafiyarsa. In kun tura a kan lokaci, rasit ɗin da za a aiko yana tsawaita katinki da wata 48, ki riƙa haɗa shi da tsohon katin.

Hujjar da suke nema ita ce kuna zaman aure da gaske, kuma takarda suke karantawa, ba kunya ba. Mu an saba komai da sunan maigida, mace kuwa kuɗinta na adashe ko cikin gwal. Haka sai ranar hira ta zo a rasa takarda ɗaya mai sunayenku biyu. Ki shiga asusun banki, ki shiga takardar haya, ki shiga inshorar mota, ku cike haraji tare.

Abin da ya fi cin mana mata shi ne tafiya gida haihuwa. Na san dalilin. Miji ya tafi aiki wata tara, ciki ya tsufa, ba mai dama miki kunun kanwa, ba mai dafa ruwan wanka, Hajiya na ta waya a turo mata 'yarta goyon ciki. Sai a tafi da niyyar wata uku. A yi suna, a yi arba'in, azumi ya zo, a ce a bari a yi Salla, bikin ƙanwa ya taso. Wata maƙwabciyata haka ta yi har shekara ta zagayo da ɗoriya, ta zo filin jirgi da jariri a baya aka ce katinta ba zai hau da ita ba. Ta ce ai mijinta soja ne. Ba wanda ya musa, ba kuma wanda ya ba ta kujera. Ga yadda abin yake: in kin wuce wata shida a waje, ana iya cewa kin katse zaman da ake lissafa miki don zama 'yar ƙasa. In kin cika shekara, katin ba ya shigo da ke, ana ɗauka kin bar zaman. Sassaucin da aka yi wa matan soja na wadda ta bi mijinta ne da sunanta a cikin umarnin aiki, kamar zuwa Ramstein a Jamus ko Camp Humphreys a Koriya ta Kudu. Wannan zamanta can kamar zaman Amurka ake lissafa shi. Zaman ɗakin Hajiya a Fagge ba ya ciki. In tafiyar dole ce kuma za ta yi tsawo, nemi izinin dawowa da fom I-131 tun kina nan, don ba a cike shi daga waje, yana kai shekara biyu. Jaririn da aka haifa can kuma ba kai tsaye yake samun fasfo ba. Sai uban ya riga ya zama ɗan ƙasa kafin haihuwar, ya kuma nuna ya zauna Amurka shekara biyar, biyu daga ciki bayan ya wuce shekara 14. Wasu daga cikin mazanmu da suka zo da girmansu suka shiga soja nan da nan ba su cika wannan ba. Ni dai shawarata, a haihu a nan, mu da muke kusa mu yi miki abin da ya sawwaƙa.

Dangi kuma, ku yi haƙuri da saƙon da zan ba ku ku kai gida. Mai girin kad ba ya ɗauko uwa ko uba ko ƙani. Sai ɗan ƙasa mai shekara 21. Mijinki zai iya nemar wa iyayensa, naki kuwa sai kin zama 'yar ƙasa da kanki. Layin 'yan'uwa ya fi shekara 15, ƙanin da ke sakandare yau da iyalinsa zai zo. Ɗan riƙo, ko a hannunki ya yi wayo, ba ɗa ba ne a wurinsu sai da hukuncin kotu na ɗaukarsa kafin ya kai shekara 16 da zama tare na shekara biyu. Kada ki sa shi a jerin 'ya'yan cikinki, suna neman gwajin jini in sun yi shakka. Soja na iya sa mahaifiya a cikin waɗanda yake ciyarwa, amma wannan bai ba ta biza ba. Ga kuma ƙofar da ake buɗewa ana rufewa: a 2020 an dakatar da bizar zama ga 'yan Najeriya, aka janye a 2021, a Yunin 2025 aka sa wa Chadi da Sudan takunkumi, a Disamba aka ƙara da Nijar, Najeriya ma ta shiga wani ɓangare. Kafin a sayar da fili a biya kuɗin fom, a tambayi lauya halin da ake ciki a ranar.

Za ku ji ana maganar wani rangwame na iyalan soja da aka tsara a 2013, wanda ke ba matar soja ko iyayensa ko 'ya'yansa izinin zama na shekara ɗaya-ɗaya. Na waɗanda suka tsallako iyaka ba tare da an duba su ba ne. Mutanenmu galibi da biza suka shigo ta ƙare musu, hanyarsu daban ce.

Lauyan ma kyauta ne. Barikoki na da ofishin taimakon shari'a na sojoji da iyalansu, USCIS ma na da layin waya na musamman dominsu. Amma sai ka ga mutum ya tsallake wannan ya kai dala ɗaruruwa wurin wani "Alhaji mai cike takardu" da ba shi da lasin komai, wai shi ɗan gida ne.

Abu biyu kuma kada ki manta. A ofishin lasin tuƙi za a iya tambayarki ko za ki yi rajistar zaɓe, a wurin aiki kuma fom I-9 na da gurbin ɗan ƙasa. Kada hannunki ya je can kafin ki yi rantsuwa, wannan kuskuren kusan ba shi da gyara. Na biyu, in zama ya ƙi, ana dukanki ko an ƙwace fasfonki ana miki barazanar mayar da ke gida, ba shi ke da ikon ba. Kina iya cike I-751 ke kaɗai in an rabu ko an cutar da ke, kuma akwai ofishin kare iyali a cikin bariki.

Zama 'yar ƙasa shi ne mafi sauƙi a duk tafiyar. Matar ɗan ƙasa shekara uku take jira maimakon biyar, in an tura mijin aiki waje kuma za ta bi shi, tana iya nema ba tare da jiran ba. Turancin jarrabawar bai fi ƙarfin wadda ta yi sakandare ba, tambayoyin tarihi kuma haddace su ake yi. Najeriya ta yarda ɗan ƙasa na haihuwa ya riƙe fasfo biyu, Ghana da Nijar ma haka. 'Yan Kamaru, dokarku ta 1968 ba ta yarda ba, don haka ku yi maganar gado da filaye da iyayenku kafin ranar rantsuwa.