Bin Rafi Zuwa Doron Tsauni a Yini Ɗaya: Yadda Ayari Zai Je Ya Dawo Da Rana

Tafiyar da za a bi rafi har sama, a hau doron tsauni, a sauko kafin duhu, lissafin lokaci ne ke riƙe da ita. Wani mahayin duwatsu ɗan Sikotland, William Naismith, ya fitar da ƙa'ida a 1892: awa ɗaya ga kowace kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Ke nan hanya mai kilomita 12 da hawan mita 900 za ta ci kusan awa huɗu. Sai dai wannan awon mai ƙarfi ne da ba ya tsayawa. Ayarin da zai ratsa duwatsun rafi ya ƙara rabin hakan, ya sa awa shida a ransa.

Daga nan a yanke lokacin juyowa tun a gida, kowa ya ji da kunnensa. In lokacin ya yi a juya, ko da ana hango ƙololuwa. A sanar da wani da ba ya cikin tafiyar hanyar da za a bi da lokacin dawowa.

Kada ayari ya gaza mutum huɗu: in ɗaya ya ji ciwo, ɗaya ya zauna da shi, biyu su tafi neman taimako. Wanda ya san hanya a gaba, wani gwani a ƙarshe, kuma ba mai wuce na gaba ko zama bayan na baya. Mafi rauni a sa shi na biyu, a yi tafiya da takunsa. In an bar shi a baya, yana isowa wurin hutu sauran na tashi, shi bai huta ba, daga nan gajiya ke jawo tuntuɓe. A ƙirga kawuna a kowace mararraba.

Kowa ya goyo ruwansa, kamar rabin lita ga kowace awa, fiye da haka in ana zafi. Ruwan rafi komai garau ɗinsa a tace ko a tafasa shi minti ɗaya, minti uku in an haura mita 2,000. A sa tocila, usur, rigar ruwa, safa ta canji, filasta da bandeji, da taswirar takarda, don waya tana mutuwa. Takalmi ya zama wanda ƙafa ta saba da shi. Da an ji dunduniya ta fara zafi a tsaya a manna filasta, kafin ta yi bororo.

Rafi shi ne wurin da ya fi son natsuwa. Dutsen da ya yi kore ko baƙi-baƙi yana sheƙi, gansakuka ce, santsinta kamar sabulu. A taka busasshe mai kaushi. Wurin tsallakawa a nemi inda rafin ya buɗe ya yi faɗi, don inda ya matse nan ne zurfi da ƙarfin ruwa suke. A kwance maɗaurin jaka na ƙugu da na ƙirji, yadda in mutum ya faɗi zai iya yar da ita. A fuskanci inda ruwan ke fitowa, a kafa sanda a gaba, a riƙa jan ƙafa gefe-gefe, ɗaya bayan ɗaya. Kada a cire takalmi. Jiƙaƙƙen takalmi ya fi yankakken tafin ƙafa. Ruwa mai gudu da ya kai gwiwa, a haƙura da shi.

Kuma sararin da ke bisa kanku ba shi ne shaida ba. Ana iya yin ruwa can saman tsauni, ambaliya ta gangaro kan mutanen da ke cikin rana. In ruwan ya fara gurɓacewa, yana ɗauko ganye da karare, ko aka ji ruri daga sama, a bar kwarin nan take, a hau gefe. Gudu a bi rafin ƙasa ba ya tsirar da kowa.

A doron tsauni matsalar ta canza. Zafi na raguwa da kusan digiri 6.5 a kowace mita 1,000, ga iska, ga riga jiƙe da gumi. Auduga tana riƙe gumi, shi ya sa sanyi ke kama mai sanye da ita da zarar an zauna. A ƙara riga kafin a fara rawar ɗari. In hadari ya haɗo, a ƙirga daƙiƙa tsakanin walƙiya da tsawa: kowace daƙiƙa uku kilomita ɗaya ce. Daƙiƙa talatin ko ƙasa da haka, a sauka daga doron, a nisanci bishiyar da ke tsaye ita kaɗai, a warwatsu kada a cunkushe wuri ɗaya. Sai an yi minti 30 ba a ji tsawa ba a koma.

Gangara ta fi hawa jawo targaɗe, saboda ƙafa ta gaji, hankali ya koma gida. Taku gajere, gwiwa a ɗan lanƙwashe. Inda tsakuwa ke zamewa kada wani ya tsaya daidai ƙasan wani, wanda kuwa ya ture dutse ya ƙwala ihu. Mai son sanin sauran rana ya miƙe hannu, ya jera yatsu tsakanin rana da inda za ta faɗi: kowane yatsa kamar minti 15 ne. A cikin kwari duhu na riga haka shigowa, don haka a fito da tocila daga ƙasan jaka tun ana gani.