Yadda za ka ɗumama ɗaki da ruwan wanka lokacin ɗari ba tare da kuran ya cinye maka aljihu ba

Daga tsakiyar Disamba zuwa farkon Fabrairu, idan iskar hunturu ta taso daga arewa ta ratsa Adar, kiran da ake yi mini a aikina na gyaran kuran, wato wutar lantarki, a nan Tahoua iri biyu ne: ko soket ya narke, ko kuɗin da aka zuba wa mita sun ƙare tun wata bai raba ba. Kusan kullum hita ce sanadi, ta ɗaki ko ta bokiti. Sanyinmu ba ya daɗewa, da rana ma har zufa ake yi, amma daga tsakar dare zuwa hantsi yana shiga ƙashi, balle ga tsofaffi da jarirai. Don haka ba na hana kowa hita. So nake ka san abin da take ci kafin ka jona ta.

Juya ta ka duba bayanta ko gindinta. Akwai ɗan rubutu mai lamba da harafin W a gefe, wato wat. Hitar ɗaki yawanci 1000 ce zuwa 2000. Ka ninka wannan lamba da awannin da za ta yi tana aiki, ka raba da 1000, abin da ya fito shi ne kilowat ɗin (cikakken sunansa kilowat-awa) da kamfanin kuran na NIGELEC zai lissafa maka. Mai wat 2000 da ta yi awa shida ta ci kilowat 12 a dare guda, a wata 360 ke nan. Mu ƙaddara kilowat ɗaya yana zo maka a sefa 100, ka ga jika 36 sun tafi a kan ɗaki ɗaya. Ainihin farashinka yana jikin takardar biyanka, kuma ka tuna hawa-hawa ne, wanda ya fi sha ana sayar masa da tsada. In kana son ka ji nauyin abin, ƙwan fitila na LED wat 10 yake ci. Hita ɗaya daidai take da ƙwai 200 a kunne.

Abin da masu shago ba sa son in faɗa shi ne, duk hitar da ke aiki da ƙarfen da kuran ke gasawa, cinta da zafinta ɗaya ne da na 'yar'uwarta. Kilowat ɗaya ya shiga, zafin kilowat ɗaya ya fito, ba ƙari ba ragi. Mai fanka, mai mai a ciki, mai sandunan da ke yin ja, wadda aka kawo daga Ƙonni da wadda aka sauko da ita daga Aljeriya, duk haka suke. Idan an ce maka wannan "ba ta cin wuta", wat ɗinta ne kaɗan, zafinta ma kaɗan ne. Bambancinsu yana ga inda suke kai zafin, kuma a nan ne zaɓi yake.

Mai sanduna ja ba iska take ɗumamawa ba, jikin wanda ke gabanta take gasawa kai tsaye. Ita na fi ba wa mutum shawara idan falo ne babba, ko shago, ko ɗakin da ake yawan buɗe ƙofarsa. Galibi kowane sanda wat 400 ne, kuma sanda ɗaya ya ishi tsohon da ke zaune yana lazimi bayan asuba. Mai fanka tana cika ƙaramin ɗaki da ɗumi cikin minti goma, ta dace da lokacin da za a yi wa jariri wanka a shirya shi, sai dai tana tayar da ƙura, kuma da an kashe ta ɗumin ya gudu. Mai mai tana jinkirin ɗaukar zafi, tana jinkirin hucewa, ba ta ƙara, ba ta da ƙarfe ja a fili, shi ya sa ta fi dacewa da ɗakin kwana.

Kowace ka saya, ka tabbata tana da maɓallin da ke kashe ta da kanta idan ɗaki ya ɗumama. Amfani da shi kuwa mai sauƙi ne: ka murɗa shi ƙarshe, ka jira har ka ji ɗakin ya yi maka daidai, sannan ka dawo da shi baya a hankali har ka ji ya ce ƙas ta mutu. A nan za ka bar shi. Daga nan ita za ta riƙa kunna kanta tana kashewa, kuma lokacin da take a kashe ba ta cin komai. Digiri 18 zuwa 20 ya isa mai bargo.

Sai dai ba za ta taɓa kashe kanta ba idan ɗakin yana zubar da zafi. Ɗumama ɗakin kwano marar silin kamar ɗiban ruwa da kwando ne, zafi sama yake yi, kwanon kuma ya miƙa wa sararin sama. Ka toshe ƙasan ƙofa da tsohon zane, ka liƙe kafofin taga, ka rataya labule mai kauri, ka shimfiɗa darduma ko tabarma a kan siminti. In akwai ɗakin ƙasa a gidan, a mayar da tsohuwa can, domin katangar laka tana shan zafin rana ta riƙa sakinsa cikin dare. Sau da yawa bayan an yi wannan, awa ɗaya kafin kwanciya da awa ɗaya da asuba sun wadatar.

Masu kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, su duba rimot ɗinsu. Idan akwai alamar rana a jerin ayyukansa kuma na'urar tana amsawa, to tana iya ɗumama ɗaki, kuma ita kaɗai ce ta karya waccan doka ta kilowat ɗaya ya shiga, zafin kilowat ɗaya ya fito: ba ƙirƙirar zafi take yi ba, jawo shi take daga iskar waje, don haka kilowat ɗaya yakan ba da zafin kusan uku. Yawancin na kasuwarmu dai sanyi kaɗai suke yi.

Amma gaskiya a Tahoua ruwan wanka ya fi ɗaki cin kuɗi, don kowane gida na ɗora shi. Lissafinsa ba wuya. Bokiti mai lita 20, a ɗaga shi daga digiri 20 zuwa 40, kusan rabin kilowat ne, kuma hita mai wat 1500 za ta gama cikin minti ashirin. In ka tafasa lita 5 a butar lantarki ka sirka da lita 15 na sanyi, digiri 40 ɗin za ka samu, kuɗin ma ɗaya ne. Ɓarnar tana zuwa ne daga mantuwa. Uwargida ta jefa hita a bokiti ta shiga madafa, ta dawo bayan awa guda ruwa yana tururi, an ci ninki uku, sannan a zo ana neman ruwan sanyi a sirka. Ki sa ƙararrawar waya a minti ashirin, ki rufe bokitin bayan kin cire hitar don kada ya huce kafin mai wanka ya shiga. Gidan da ke da mutum takwas, wannan kaɗai yana rage abin da ake gani a ƙarshen wata.

Hitar bokiti tana da dokokinta, kuma ba na wasa da su. Ƙarfen ya nutse cikin ruwa kafin a jona, kada ya jingina da jikin roba, a zare daga soket kafin a fitar da shi. Kada a tsoma yatsa a ji ko ruwa ya yi zafi alhali tana jone, ko da sau ɗaya. Waɗanda ake haɗawa da hannu da guntun ƙarfe biyu da waya kuwa, kuran a cikin ruwan kansa yake bi. A jefar da su.

Tankin ruwan zafi na bango mai lita 50 yana cin fiye da kilowat 2 kafin ya kai ruwa daga digiri 20 zuwa 60, kuma in an bar shi dare da rana yana ta sake kunna kansa don mayar da zafin da ya tsere. Ka kunna shi awa biyu kafin wanka, ka kashe. Ka bar ma'auninsa a 60: sama da haka farin dutse yana saurin taruwa a kan ƙarfen, ƙasa da haka sosai kuma ƙwayoyin cuta suna samun wurin zama a tankin.

Rana kuma kyauta take. Ko a tsakiyar ɗari, baƙar jarka cike da ruwa da aka ajiye a tsakar gida tun hantsi, inda iska ba ta bugunta, da la'asar ta kashe sanyin ruwan. Ba sabon ilimi ba ne a ƙasar nan. Farfesa Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabanci ONERSOL, hukumar makamashin hasken rana ta ƙasa, kuma tun zamaninsa ake ƙera tankunan ɗumama ruwa da hasken rana a Nijar. Gidan da ake da maijego mai wanka safe da yamma, ko gidan yawa, irin wannan tanki a kan rufi yana biyan kansa.

Saura batun waya. Hita mai wat 2000 a kan kuranmu na bolt 220 tana jan amfiya 9. Siririyar wayar ƙari mai bakuna huɗu da ake cajin waya da ita ba za ta ɗauka ba, ita ce nake tararwa ta narke. A jona hita kai tsaye a soket ɗin bango wanda aka ja masa waya mai kauri 2.5, kuma bayan minti goma ka taɓa kan filogin, in ya yi zafi ka kashe ka kira mai gyara. Idan ƙarfin mitarka kilowat 3 ne, hita da dutsen guga a lokaci ɗaya sun isa su sa wuta ta yanke. Masu sola su ma su kiyaye: batir mai bolt 12 da amfiya 200, abin da za a iya ja daga cikinsa ba tare da an lalata shi ba bai fi kilowat ɗaya da 'yan kai ba, hita za ta shanye shi cikin kusan rabin awa. Sannan a bar tazarar taki biyu tsakanin hita da sange, da katifa, da labule, kuma kada a shanya kayan jariri a kanta.

Idan an ɗauke kuran aka koma kaskon gawayi, a hura shi a waje har ya yi jajir, a shigo da shi a ji ɗumi taga a ɗan buɗe, a fitar da shi kafin kowa ya kwanta. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari ko launi, kuma tana kashe mai barci a rufaffen ɗaki. Wanda ya fara jin ciwon kai, jiri ko tashin zuciya a gefen kasko, a fitar da shi fili nan take, a buɗe ƙofa da taga, a kai shi asibiti.