Kurakuran da ɗalibai suka fi yi wajen zana DNA

Duk lokacin da na zauna duba takardun ɗalibai, tambayar DNA ce ke sa in ajiye jan biro in yi tagumi. Sun yi hadda sosai, siffar ce ba su taɓa tsayawa sun kalla ba.

Ka ɗauki DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gadon halitta, a matsayin tsani da aka murɗa kamar igiya. Sandunan gefe sukari ne da fosfet suna bin juna, matakalan kuwa sinadarai huɗu ne da ake rubutawa da haruffan nan: A, T, G, C. Da yawa sai su cusa fosfet a tsakiya. Ba su kaɗai ba ne, Linus Pauling, gwanin kemistiri na Amurka, haka ya yi a farkon 1953, har ya sa zare uku maimakon biyu. Fosfet duk cajinsu iri ɗaya ne, in an matse su wuri guda ture juna za su yi, shi ya sa mazauninsu waje.

Wajen haɗa haruffa aka fi zubar da maki. A da T ke tafiya, da mahaɗin haidirojin biyu. G da C kuma da uku. Wanda ya haɗa A da G ya manta dukansu manya ne masu zobe biyu a siffarsu ta kemistiri, T da C kuwa zobe ɗai-ɗai gare su. Sai babba ya riƙe ƙarami faɗin tsanin zai tsaya daidai, kusan nanomita 2 (nanomita kashi ɗaya ce cikin biliyan na mita). Daga nan lissafi ke fitowa: in aka ce A kashi 30 cikin ɗari ce, T ma 30 ce, saura 40. Nan ɗalibi zai yi sauri ya ba G 40 ɗin duka. Raba ta za ka yi, G 20, C 20.

Zaren biyu kwanciyar kai da ƙafa suke yi, kamar yara biyu a tabarma ɗaya. Ƙarshen kowane zare biyu ne, ana kiran ɗaya 5′, ɗayan 3′, don haka in ka rubuta 5′ a saman na hagu, 3′ za ka sa a saman na dama. Harafin U kuma na RNA ne, wani sinadari ɗan'uwan DNA, kada ya shigo zanenka.

Sai masu rubuta wai masana kimiyyar nan biyu, Watson da Crick, suka gano DNA. Siffarsa suka bayyana a 1953 a Kambirij, kuma sun dogara da hotunan eksire na ɗakin binciken da masaniyar kimiyya Rosalind Franklin ke aiki a Landan. Shi kansa sinadarin, Friedrich Miescher ne ya fara ware shi a 1869 a Jamus, daga mugunyar da ke jikin bandejin majinyata.