Babi na Shida: Gyara Takardar Yanka Don Ɗinka Jaket

Darasi na ɗaya: kayan aiki da awo

Takardar yanka ita ce takardar da aka zana sassan riga a kanta, ana ɗora ta a kan yadi a bi gefenta da almakashi. A wannan babi za mu ɗauki takardar riga mai dogon hannu mu mayar da ita ta jaket. Ku tanadi tef na awo, rula, fensir, almakashi, alli, fil, salatif da babbar takarda. Kada ku yanka takardar asali. Ku shimfiɗa sabuwa a kanta ku kwafi zanen, domin idan kuskure ya faru ku sami inda za ku koma.

Ku duba tef ɗinku da kyau, fuska biyu gare shi. Fuskar da lambobinta suka matse da juna ita ce santimita, wadda suka yi nesa da juna kuma inci ce, kuma inci 1 ya kai santimita 2 da rabi da ɗan ƙari. A nan da santimita kaɗai za mu yi aiki. Ku zagaya tef a ƙirji ta ƙarƙashin hammata, a wurin da ya fi faɗi, ba tare da kun matse ba, sannan ku rubuta lambar nan take. Wanda hannunsa bai saba da rubutu ba ya bi a hankali, babu mai jiransa. Tun da jaket a kan wata riga ake sa ta, ku ƙara santimita 10 a kan awon ƙirji don jiki ya sake. Idan ƙirji 96 ne, jaket za ta zama 106.

Darasi na biyu: raba ƙari gida huɗu

A nan ne na ga masu koyo sun fi tuntuɓe, saboda haka za mu daɗe a kai. Takardar da ke gabanku ba riga cikakkiya ba ce, rabin gaba ne da rabin baya, domin a ninke ake yanka yadi, kowane yanka ɗaya ya fitar da ɓangare biyu. Ku auna faɗin rabin gaba daga layin tsakiya zuwa layin ɗinki na gefe, ku auna rabin baya haka, ku haɗa su, ku ninka sau biyu. A ce kun sami 98. Muna son 106, ke nan saura santimita 8.

Wannan 8 ɗin na rigar duka ne. Ku taɓa jikinku ku ƙirga tare da ni: gefen gaba na dama, gefen gaba na hagu, gefen baya na dama, gefen baya na hagu. Gefe huɗu ke nan. Idan aka raba 8 gida huɗu, kowane gefe ya sami 2. Don haka santimita 2 za ku ƙara a gefen takardar gaba, 2 a gefen takardar baya, shi ke nan.

Wanda rabawa ta yi wa wuya ya ɗauki fil takwas ya ajiye su ɗaya bayan ɗaya a kusurwoyi huɗu na teburinsa har su ƙare, zai tarar da biyu a kowace kusurwa. Babu abin kunya a wannan, lissafi ne sosai. Ku sake gwadawa: ƙarin 4 ya ba da 1 a kowane gefe, ƙarin 6 ya ba da 1 da rabi. Ragi ma haka yake, gida huɗu ake raba shi.

Duk da wannan bayani, na sha ganin wanda zai gyaɗa kai ya ce ya gane, da na juya baya sai ya zuba 8 ɗin gaba ɗaya a gefen takarda. Ku lissafa ɓarnar: 8 sau huɗu 32 ne, jaket ta zama buhu, yadi kuma ya tafi. Wasu sukan raba gida biyu su sa 4, wannan ma kuskure ne, 16 zai fito. Gaggawa ce ke jawo haka, ba rashin basira ba, kuma ba na karɓar uzurin mantuwa a kan abin da aka faɗa sau uku. Kafin fensir ya taɓa takarda, ku faɗa da baki: gida huɗu.

Ku manna tsirin takarda a gefe da salatif, ku auna santimita 2 daga tsohon layi a sama, a tsakiya da ƙasa, ku haɗa ɗigon da rula. Da kun faɗaɗa gefe, ramin hannu ya ƙaru, saboda haka ku ƙara santimita 2 a kowane gefe na takardar hannu ta wajen hammata, ku riƙa rage shi a hankali zuwa wuyan hannu.

Darasi na uku: tsawo da buɗe gaba

Tsawo ba a raba shi gida huɗu. Ku yanka takardar a kwance daidai ƙugu, ku buɗe ta gwargwadon abin da kuke so, ku cike tsakanin da takarda. Abin da kuka ƙara a gaba shi za ku ƙara a baya. Don maɓalli, ku ƙara santimita 2 bayan layin tsakiyar gaba, sannan rarar ɗinki, wato ɗan faɗin da ake bari a gefe don ɗinki, santimita 1 da rabi. Idan zif za ku sa, rarar ɗinki kaɗai ta isa. A ƙasa ku bar santimita 4 na kalmasa.

Darasi na huɗu: gwaji

Ku fara yankawa a tsohon yadi, ku haɗa da manyan ɗinki, ku sa a kan riga, ku miƙa hannu gaba. Idan baya ya ja, ku koma darasi na biyu. Wajen ɗora takarda a kan yadi, kibiyar da aka zana a jikinta ta bi tsawon yadi.

Darasi na biyar: ado

Kwala da bakin gaba suna son gam, wato ƙyallen da ake mannawa ta ciki, don su tsaya. Shafi ana yanka shi da takardar da kuka gyara. Aljihu biyu a gaba sun wadatar, ku auna su daga ƙasa don su daidaita, ku goge kowane ɗinki kafin ku wuce zuwa na gaba.