Kurakuran da sababbin masu tara kwalayen kayan wasa na dā ke ta maimaitawa

Na gaji da ganin mutum ya samu tsohon abin wasa, ya zaro shi, ya ture kwalin gefe kamar shara. Kwalin nan zane ne da wani ya zauna ya yi da buroshi. Jiragen yaƙi da yawa da ke kan kwalayen Airfix, kamfanin da ke yin ƙananan jiragen wasa na roba da ake harhaɗawa, tsakanin 1964 da 1974 aikin Roy Cross ne. Fadar wasa ta Castle Grayskull da kamfanin kayan wasa na Mattel ya fitar a 1982, Rudy Obrero ne ya zana kwalinta. Nemi sunan mai zanen kafin ka tambayi darajar kaya.

Babban kuskure shi ne rana, kuma ni ta taɓa yi mini illa. Ina da kwalin Airfix mai jirgi yana keta hayaƙi, wuta ja-wur a bayansa. Don son in riƙa ganinsa kullum sai na jingina shi kusa da taga. Kafin in farga wutar ta koɗe, sararin ya zama shuɗi-shuɗi kamar an wanke shi. Da tawada huɗu ake buga irin waɗannan kwalaye: shuɗi, ja, rawaya da baƙi. Ja da rawaya su hasken rana ke fara cinyewa, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Har yau in na tuna raina yana ɓaci. Haba jama'a, wa ke shanya zane? Nawa yanzu cikin kabad suke, sai in zan kalla nake fito da su. Wasu sun yarda da gilashi mai tare haske. Ni dai duhu na yarda da shi.

Na biyu, jabu. Wani ya taɓa sayar mini da kwalin ƙaramar motar wasa ta Matchbox sumul, ko lanƙwasa babu, ina ta murna, ashe sabon bugu ne. Tun daga nan ba na sayen kwali sai da madubin ƙara girma a aljihu. Tsohon bugu ɗigo-ɗigo ne a jere cikin tsari, kamar ƙananan furanni; na firintar gida a warwatse suke. Leƙa ciki kuma. Kwalin da ya shekara sittin ba ya zama fari fat, kuma yana da ƙanshin tsohuwar takarda.

Salatif kuwa, kar ka kuskura. Gam ɗinsa yana ratsa takarda ya bar tabon da ba ya fita. In kwali ya yage, bar shi a yage.

Kada ka goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, buroshi mai laushi ya isa. Kada ka ɓanɓare tsohuwar takardar farashi, da fenti take tashi. Kada ka cike inda ya koɗe da biro. Kuma ka daina ɗora manyan kwalaye a kan ƙanana, gefensu ne ke fara murƙushewa.