Yadda Ake Tunkarar Tari Mai Naci a Likitancin Gargajiya na Sin

A wurin likitocin gargajiya na ƙasar Sin, tari ba cuta guda ba ce da ake ba wa magani guda. Tsohon littafinsu na likitanci, Huangdi Neijing, wanda aka tattara fiye da shekara 2,000 da suka wuce, ya bayyana cewa dukkan gaɓoɓin ciki na iya haddasa tari, ba huhu kaɗai ba. Saboda haka aikin farko shi ne gane irin tarin, domin maganin da ya dace da wani iri yana iya tsananta wani.

Kafin komai, duk wanda tarinsa ya wuce mako 2 ya je a gwada kakinsa, musamman idan akwai rama, gumin dare ko jini a cikin kaki, domin babu saiwar da ke maye gurbin maganin tarin fuka. Idan tarin ya haura mako 8, a binciki asma, ƙwannafi, majinar da ke gangarowa daga hanci zuwa maƙogwaro, da kuma magungunan hawan jini irin su lisinopril, waɗanda kan jawo busasshen tari. Sai an kawar da waɗannan ne maganar gargajiya take da gurbi.

Daga nan sai a lura da kaki da harshe, kamar yadda likitan Sin yake yi kafin ya ɗora yatsu uku a wuyan hannu ya ji bugun jini. A duba harshe da safe a gaban madubi, cikin hasken rana, kafin a ci ko a sha wani abu mai rina baki. Idan kakin fari ne, mai yawa, ƙirji ya yi nauyi, harshe kuma ya lulluɓe da farar dauɗa mai kauri, suna kiran wannan tarin danshi, suna kuma ɗora laifin a kan raunin narkar da abinci. Haɗin da aka fi sani a nan shi ne Er Chen Tang, wanda ya samo asali tun zamanin daular Song, kuma ya ƙunshi saiwar ban xia, fu ling (wani nau'in naman kaza), gan cao (wata saiwa mai zaƙi) da chen pi, wato busasshen ɓawon lemu da aka ajiye shekaru. Ɓawon da ya fi daraja daga Xinhui yake fitowa, a lardin Guangdong. Mai irin wannan tari ana umartarsa ya rage maiƙo, zaƙi da ruwan sanyi.

Busasshen tari kuwa, wanda ke tashi da dare, maƙogwaro na ƙaiƙayi, harshe ya yi ja babu dauɗa a kansa, ana ɗaukarsa alamar bushewar huhu. A nan ne girkin da iyalai da yawa suke yi a gida yake shigowa. Ana samun li, wani ɗan itace mai kama da tuffa, fari a ciki kuma mai ruwa sosai, a yanke samansa kamar murfi, a ƙwaƙule tsakiyar, a zuba garin saiwar wani tsiro mai suna chuan bei mu kimanin giram 3 da ɗan dunƙulen sukari, a mayar da murfin, a turara a cikin kwano na kusan minti 40, sannan a ci naman a shanye ruwan da ɗumi. Mai farin kaki mai yawa ya guje shi, domin sanyaya jiki yake yi.

Wasu kan haɗa da tsira siraran allurai, galibi a wurin da ake kira Feishu a gadon baya da Lieque kusa da wuyan hannu, kuma wannan aikin ƙwararre ne kaɗai.

Abin da ya fi damuna shi ne masu sayen haɗi ba tare da karanta abin da ke ciki ba. Tsiron ma huang yana ɗaga hawan jini da bugun zuciya, har Amurka ta hana sayar da shi a matsayin ƙarin abinci a 2004. Gan cao, idan aka daɗe ana sha, shi ma yana ɗaga jini. Ɗanyen ban xia guba ne sai an sarrafa shi, ƙwallon xing ren mai ɗaci yana iya kashewa idan aka yawaita, tsiron ma dou ling kuma yana lalata ƙoda. Mai juna biyu, ƙaramin yaro da mai shan maganin asibiti su nuna wa likitansu jerin kayan haɗin kafin su kai baki.